Aimpoint Micro H-2: shekara biyu da jan ɗigo a kan bindigata ta harbin allo

Ina da shekara 48 na fara lura cewa ƙarfen saiti na bakin bindigata yana dushewa a idona. Bindigar dai ita ce wadda na daɗe ina harbin allo da ita, mai cin ƙaramin harsashi .22 LR, irin wadda sai ka ɗana ta da hannu bayan kowane harbi, kuma da lasisinta. Idon ne ya soma gajiya. Mai saiti da ƙarfe yana neman idonsa ya jera abu uku a layi ɗaya: tsagar da ke baya kusa da fuska, ɗan tsinin da ke bakin bindiga, da allon da ke can nisan mita 50. Ido kuwa a wuri ɗaya yake iya tsayawa. Da ƙuruciya yana tsalle tsakaninsu da sauri har ba ka ankara. Da shekaru suka ja, sai tsallen ya yi nauyi. In na sa tabarau na karatu, tsinin ya fito tar, allon ya koma hazo. In na cire, allon ya dawo, tsinin ya ɓace. Na yi watanni ina komawa gida da takarda mai huji a warwatse kamar an watsa tsaba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin harbin allo shi ne abin da nake samun natsuwa a cikinsa.

Madubin saiti mai jan ɗigo ya warware wannan matsala ta hanya mai sauƙi. A cikinsa akwai ɗan ƙwan lantarki ja, ƙarami ƙwarai, yana haska gilashin gaba. Gilashin nan an ɗan karkata shi, an shafe shi da abin da ke mayar da jan haske zuwa idonka, ya bar sauran haske ya wuce. Sai ka ga ɗigon kamar yana can kan allon, ba a kusa da fuskarka ba. Ke nan ido wuri ɗaya kawai zai kalla. Ba ka rufe ido ɗaya, ba ka neman jera komai. Ka dubi allo da idanu biyu, ɗigo ya hau inda kake so, ka matsa kunama a hankali.

Wanda na fara saya ba na Aimpoint ba ne, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Rana ta farko ya yi kyau. A mako na uku na saita shi da safe, harsashi biyar suka taru a tsakiya, na sa bindiga a jaka, na dawo bayan kwana shida, sai ga su sun koma gefen hagu da kusan yatsu uku. Na sake saitawa, ya sake gocewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na daina sanin wane ne mai laifi in harbi ya kuskure: ni ne, ko harsashi, ko madubi. Mai koyon harbi yana gyara hannunsa ne daga abin da takarda ta nuna masa. In madubin yana yawo, takardar ƙarya take faɗa maka, kai kuma kana ta gyara riƙon da ba shi da aibu. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Daga nan na koma kan Aimpoint, kamfanin ƙasar Suwidin da ke birnin Malmo, wanda ya fitar da madubinsa na farko mai jan ɗigo a 1975. Micro H-2 shi ne samfurin da suka yi wa mafarauta da masu wasan harbi. Ɗan'uwansa T-2 yana da matakan haske na amfani da na'urar gani da dare, kuma ya fi jure zurfin ruwa, amma ni ba ni da abin yi da waɗannan. H-2 ɗin an yi shi ya jure nutsewa har mita 5, wanda ya fi ƙarfin duk wani ruwan sama da zai same ni a filin harbi.

Da na fito da shi daga kwali, ƙanƙantarsa ce ta fara ba ni mamaki. Yana ɓacewa a cikin tafin hannu, nauyinsa shi kaɗai bai kai giram 100 ba, amma in ka juya shi a hannu ba ka jin komai yana kaɗawa a ciki. Jikinsa alminiyam ne baƙi marar sheƙi. A dama akwai wani ɗan faifai da ake murzawa don ƙara haske ko ragewa, mataki 12, kuma a cikinsa batir yake zaune. Faifan yana da ɗan tauri, kowane mataki sai ka ji ya ce ƙas, don haka gogar jaka ba ta juya shi. Murafun gilashin gaba da baya a maƙale suke, da yatsa ake ɗaga su, ba sa faɗuwa su ɓata a ciyawa.

Na zaɓi mai ɗigo 2 MOA, kuma wannan lissafin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke faɗa maka abin da madubin zai iya da abin da ba zai iya ba. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri guda, wato kusan milimita 29 a nisan mita 100. Ɗigo mai 2 MOA ke nan yana rufe kusan santimita 6 na allo a mita 100, kusan santimita 3 a mita 50. Duk abin da bai kai haka girma ba, ɗigon zai haɗiye shi. Akwai masu ɗigo mafi girma, waɗanda ido ya fi saurin kamawa a kusa, amma ga mai neman harsashi su taru a takarda, ƙaramin ya fi. Wata dabara da na koya da kaina: rage haske har ɗigon ya zama da ƙyar kake ganinsa sosai. In haske ya yi yawa, gefensa yana bajewa, ya yi kamar ya fi girmansa.

Ɗora shi a kan bindiga shi ne wurin da mutane da yawa ke ɓata aikin madubi mai kyau. Kafin komai na tabbatar babu harsashi a ciki, na zare ƙarfen ɗanawa gaba ɗaya na ajiye a gefe. A saman bindigata akwai gadon ƙarfe mai tsaga-tsaga irin na Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995. Faɗin kowace tsagarsa milimita 5.23 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Yana kama da wani irin gadon da ake kira Weaver a ido, amma tsagar Weaver ta fi ƙunci, kuma ba dole ne tazararta ta zo daidai ba. Shi ya sa mazaunin madubi da aka yi wa Weaver yakan hau Picatinny, amma na Picatinny ba kullum yake shiga Weaver ba. A duba wannan kafin a saya.

Wani dattijo da muke haɗuwa da shi a filin harbi ya ga ina shirin ɗaure notin mazaunin, sai ya dafa hannuna. "Malam, tura shi gaba tukuna, har ya tokare da bangon tsagar, sannan ka ɗaure." Na tambaye shi dalili. Ya ce duk lokacin da bindiga ta yi shuri baya, abin da ke kanta gaba yake son zamewa, to gara ka kai shi inda zai je tun da fari, ya rasa wurin motsi. Na yi yadda ya ce. Na goge mai daga zaren notin, na ɗiga masa ɗan gam ɗin liƙe noti mai launin shuɗi, wanda ake iya kwancewa daga baya, ba jan ba, na ɗaure gwargwadon ƙarfin da takardar kamfani ta ce. Sannan na ja ɗan layin farin fenti daga kan notin zuwa jikin mazaunin. Duk ranar da layin nan ya rabu biyu, na san noti ya motsa. Har yau bai rabu ba.

Saitin bai ci mini harsashi 20 ba. Na kwantar da bindiga a kan buhun yashi, na leƙa ta cikin bututunta daga baya har na ga tsakiyar allo, sannan na murza ɗigon ya je wurin ba tare da bindigar ta motsa ba. Murafun maɓallan saiti suna da 'yan haƙora biyu a samansu. Ka kwance murfi, ka kifa shi, da shi kake murzawa. Kowane ƙas yana gusar da harbi milimita 13 a mita 100, rabin haka a mita 50. Harsashi biyar na farko sun taru santimita 4 a hagu, santimita 5 a ƙasa. Na lissafa: ƙas 6 zuwa dama, ƙas 8 zuwa sama. Biyar na gaba suka faɗa cikin baƙin tsakiya. Abin da lissafi ya ce, shi madubin ya yi, ba ƙari ba ragi, kuma wannan ne na rasa a wancan na farko.

Shekara biyu ke nan ban sake taɓa maɓallan nan ba. Bindigar ta sha jijjiga a mota, ta sha ƙura, ta sha zafin rana, ruwa ya taɓa jiƙa mu sharkaf ni da ita. Duk lokacin da na kwanta a kan buhun yashi na gwada, harsashi suna nan inda na bar su. Wannan shi ne ainihin abin da na saya. Yanzu in harbi ya fita daga tsakiya, na san numfashina ne ko yatsana ko iska, sai in gyara abin da ya kamata a gyara. Gaskiya shurin .22 kaɗan ne, don haka shaidata ta tsaya a kan irin bindigata.

Batirin madubin CR2032 ne, irin mai kama da kwabo da ake samu ko'ina. Kamfanin ya ce guda ɗaya yana kai awa 50,000 a kunne a mataki na 8, wato fiye da shekara biyar. In kana ƙure haske saboda tsakar rana, ba zai kai haka ba. Ni ina barinsa a kunne, kuma ina canza batir sau ɗaya a shekara don hankalina ya kwanta, tare da ajiye wani sabo a jakar bindiga.

Akwai wani abu da nake so kowa ya gwada kafin ya fitar da kuɗinsa. Da idona na hagu, ɗigon ba ya fitowa a dunƙule. Yana da ɗan wutsiya kamar waƙafi. Na ɗauki hotonsa da waya ta cikin gilashin, sai ga shi a zagaye tsaf. Na juya madubin a hannu ina kallo, wutsiyar ba ta juya tare da shi ba. Idona ne ke nan. Likitan ido ya auna ni ya ce ina da astigmatizim kaɗan, wato gaban idon bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, sai haske ya baje. Da sabon tabarau wutsiyar ta kusan ɓacewa. Wanda nasa ya yi tsanani zai iya ganin ɗigon kamar tauraro ko tarin ɗigogi, ko da wane kamfani ne ya yi madubin. Irinsa ya fi dacewa ya nemi madubi mai alamar saiti da aka zana a jikin gilashi.

Kada kuma a sa ran H-2 zai jawo nesa kusa. Ba ya ƙara girman komai. A mita 100 ba na ganin hujin harsashina a takarda sai da madubin hangen nesa na daban, kuma harsashin .22 da aka saita a mita 50 yana faɗuwa kusan taƙi guda kafin ya kai can, ɗigon kuwa ba shi da wasu alamu a ƙasansa da za ka riƙe. Mai son tara harsashi a huji ɗaya daga nesa ya nemi madubi mai ƙara girma. Tagar H-2 ma ƙarama ce; wanda ya rufe ido ɗaya zai ji kamar yana leƙen bututu. Sai ka saba buɗe idanu biyu jikin madubin yake ɓace maka. Ni ya ɗauke ni kamar zuwa uku a filin harbi.

Jabunsa sun yi yawa a kasuwa, har da sunan kamfani da tambari a jiki, kuma kamfanin da kansa yana gargaɗi a kansu. A saya a hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi, a duba lambar da ke jikin madubin, a riƙe rasit. A kuma san abin da dokar inda ake ta ce game da bindiga da kayanta kafin a yi oda.

Makon jiya ɗiyata, wadda ta fara bi na filin harbi, ta kwanta a bayan bindigar karo na farko, ina gefenta. Na nuna mata inda yatsa ke zama a wajen kunama har sai ta shirya, na ce ta buɗe idanu biyu ta dubi allo. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, ɗigon yana rawa." Na ce mata ɗigon a tsaye yake, numfashinta ne take gani, ta sauke shi rabi ta riƙe. Cikin biyar ɗin da ta harba a mita 25, huɗu sun shiga baƙi.