Giyar Beljiyam: Westmalle Dubbel ko Leffe Brune, wacce za a kai wa suruki ranar Kirsimeti?

Ɗan'uwa ka ɗauki Westmalle Dubbel kawai, kar ma ka tsaya dogon tunani.

Ni farkon zuwana Beljiyam wani dattijo da muke aiki tare a Antwerp ne ya ba ni ita a gidansa, lokacin sanyin nan mai shiga ƙashi, na miƙa hannu zan kafa kai a kwalba yadda muka saba a gida sai ya riƙe min hannu yana dariya, ya ɗauko kofi mai faɗin baki kamar ƙoƙo ya tsiyaya a hankali ya bar ɗan guntu a gindin kwalbar, wai yis ne ya kwanta a wurin don giyar tana ci gaba da nuna a cikin kwalba. Launinta ja ne mai duhu, kumfar kuma ba ta saurin faɗuwa. Kafin ka kai baki ƙamshin zabibi da nunanniyar ayaba zai fara dukan hancinka, in ka kurɓa sai ka ji wani abu kamar mazarƙwaila da ta ɗan ƙone, amma abin da ya kama ni shi ne zaƙin ba ya zama a harshe, yana wucewa ya bar ɗan ɗaci a maƙoshi. Ranar da naman miya muka ci ta, ni dai da kilishi na fi son ta. Sufayen Trappist, wata ƙungiyar masu zuhudu ta Katolika, su ne ke kula da yin ta a cikin gidan zuhudunsu na Westmalle, tun 1836 suke dafa giya a can. Ƙarfinta kashi 7, kwalba ɗaya ta ishi surukin naka in dattijo ne. Kuma kar ka ba shi daga firji kai tsaye, sanyi yana kashe ƙamshin, ka fito da ita ta ɗan huce.

Leffe Brune ba laifi, ƙarfinta kashi 6.5 ne, ta fi araha kuma ko'ina akwai ta. Zaƙinta ne ya fi ƙarfin bakina. Sunan wani gidan sufaye da ke garin Dinant ne a jiki amma kamfanin AB InBev ke yin ta a Leuven.

Sannan ka yi hattara da masu shagunan 'yan yawon buɗe ido. Wani ya taɓa ɗora min kwalba mai hoton sufi da ƙaton tumbi ya rantse ta sufaye ce, na biya kusan ninki biyu, ashe hoto na saya. Ka nemi kalmar Trappist a jikin takardar ko tambarin sufayen mai kusurwa 6, ka duba ranar ƙarewa, in kuma kwalbar ta daɗe a taga rana na dukanta ka bar musu kayansu. Je babban kanti ka ɗauko huɗu, ka haɗa masa da kofinta.