Wata biyar da ampilin kas da na haɗa da hannuna: abin da na tarar cikin ledar kayan CMoy

Kas ɗin ne ya jawo ni cikin wannan aiki. Na tsince shi cikin tulin kayan gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi, irin babban nan mai rufe kunne ruf, ƙirar Jamus, Beyerdynamic DT 770 Pro, an rubuta om 250 a jikinsa, wato awon yadda yake tare wuta. Sosonsa ya sha jiki, amma kunnuwan biyu lafiya lau suke. Buƙata ɗaya ta sa na saye shi: kaset-kaset ɗin mahaifina, kwali biyu cif, kiɗan gurmi da kalangu da tafsirin azumi da ya yi ta naɗa daga rediyo tun ina ƙarami. Ina juye su cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su, kuma ina son kunnena ya riƙa kama duk abin da ke cikin zaren. Da na koma gida na jona kas ɗin a salula, na ƙure ƙara, sai na ji murya na zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Kwamfutar ma ba ta taka kara ta karya ba.

Ba lalacewa ba ce, lissafi ne. Ƙarfin da ke isa kas shi ne bolt sau bolt, a raba da om. In salula ta ba da bolt 1, ƙaramin ekuter na cusawa a kunne mai om 32 zai samu miliwat 31, amma mai om 250 miliwat 4 kacal zai gani, kuma salula da yawa ba sa ma kai bolt ɗayan. Abin da ya rage shi ne a sa ƙaramin ampili, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, a tsakani.

Wanda na zaɓa shi ake kira CMoy, daga sunan Chu Moy, mutumin da ya fitar da zanensa kyauta a ƙarshen shekarun 1990. Ƙaramin abu ne ƙwarai: aisi guda, wato ƴar ƙwayar lantarki mai ƙafa 8 da ke ɗauke da ampili biyu a cikinta, ɗaya na kunnen dama ɗaya na hagu, sai ƴan rezistans da kondansater, da pil mai bolt 9, mai kusurwa huɗun nan. Ana sayar da kayansa a haɗe cikin leda, kai kuma ka yi waldar da kanka. Wani ɗan kasuwa a unguwarmu, mai kawo kayan salula daga Kano, shi ya sa aka nemo mini. Sati uku na jira, kuma jikka bakwai na biya har da ladan ɗauko.

Ledar ta zo da plaket ƙarama, wato allon da ake jera kayan a kai, mai rubutu a gefen kowane rami, soket na aisi, aisin kanta an buga mata OPA2134, rezistans shuɗɗa, kondansater biyu masu mikrofarad 220 da biyu masu 0.1, maɓallin ƙara, jak biyu na milimita 3.5, ƴar jar fitila da igiyar pil. Takardar bayani kuwa ko guntu babu, ko zanen da zai nuna maka ina wuta ke shiga. Wannan shi ne ƙorafina na farko, don wanda bai taɓa riƙe aisi ba ba zai san cewa ƙafa ta 8 ce ke karɓar wuta mai ƙari, ta 4 mai ragi ba, kuma in ya juya ta baibai ya kunna, shi ke nan ta tafi.

Plaket ɗin dai ta cancanci yabo. Sau uku na cire rezistans a rami guda na mayar, tagullar ba ta ɗaga ba. Rezistans ɗin ma na auna su ɗaya bayan ɗaya da mita, kowane ya tsaya kusa da abin da aka rubuta, na dama da na hagu kamar tagwaye. A watan Afrilu na yi waldar, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, shi ya sa bayan sallar asuba nake zama. Fanka sai an kashe ta, don iskarta na sanyaya bakin fer, ƙarfen waldar, dalma ta ƙi kwanciya ta dunƙule kamar ƙwayar gero. Da dalma mai 60/40 na yi aiki, wadda ke narkewa wajen digiri 190. Safiya biyu na gama, fitila ta kama ja.

Allah ya taimake ni ban sa kas ɗin nan take ba. Na ɗauki abin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin da nake zama rumfarsa tun ina ɗan lakwal. Ya juya plaket ɗin, ya bi waldar da farcen babban yatsa, ya gyaɗa kai. Ina ciro kas daga jaka sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, dakata da kunnenka tukuna. Sa mita."

Na ce, "Baba, ai fitila ta kama."

Ya ce, "Fitila ta gaya maka akwai wuta, ba ta gaya maka inda wutar ta bi ba."

Ya ɗora baƙin tsinken mita a ƙasan jak, wato inda ake ɗauka sifiri wajen awon wuta, jan tsinken a bakin da sauti ke fita, babu kiɗa babu komai. Ya kamata a ga kusan sifiri. Sai ga milibolt 200 da ɗan kai a dama, kusan haka a hagu. Wuta ce tsayayya da za ta riƙa tura fatar cikin kas gefe guda tun kafin a sa waƙa, tana ɗumama zaren tagullarsa a banza. Babban kas irin nawa zai jure, amma ƙaramin ekuter mai om 32 wahala zai sha.

Nan ne na fi ƙaruwa a duk aikin, don haka bari in ɗan tsaya. OPA2134 ta gaskiya, wadda kamfanin Burr-Brown ya ƙera kafin Texas Instruments ya saye shi a shekarar 2000, ƙofar shigarta irin ta FET ce, wani nau'in tiranzista, kusan ba ta shan komai ta nan. Zanen CMoy a kan wannan hali aka gina shi: akwai rezistans mai kilo-om 100 a bakin shiga, kuma ampilin na ninka abin da ya shigo sau 11. In ka sa aisi mai ƙofar tiranzista na gargajiya, kamar NE5532 da ke cike da tsofaffin ampilin masallatai da na masu kiɗan biki, ita tana jan ɗan abin da ya kai nano-amfiya 200. Ka bi da shi ta kilo-om 100, ya zama milibolt 20, ka ninka sau 11, ga milibolt 220. Abin da mita ta nuna mana ke nan. Baba ya zaro NE5532 daga gwangwanin da yake tara su, ya cire tawa daga soket ya sa ta, adadin bai ko motsa sosai ba. Ya ɗaga tawa a hasken rana, samanta ya yi kaushi kamar an bi shi da sanfefa. Ni dai na gamsu cewa an goge sunan wata aisi mai araha ne aka buga mai tsada a kai. Ba laifin kamfanin da aka ari sunansa ba ne, ba kuma na maƙwabcina da ya ɗauko ba, shi leda ya gani a rufe. Amma abin ya ƙona mini rai, don rabin kuɗin saboda sunan nan na biya shi.

Soket ɗin ne ya cece ni, shi ya sa nake ganin ya fi komai daraja cikin ledar. Da walda na yi wa aisin kai tsaye, da sai an sha fama da ƙafa takwas. Baba ya ba ni TL072 da ya ciro daga wata tsohuwar na'urar haɗa sauti, ita ma mai ƙofar FET ce, wutar banzan nan ta sauka ƙasa sosai. Da ita na yi wata uku. Tana aiki, sai dai ba a yi ta don tura kas ba, in kalangu ya buga da ƙarfi kana jin sautin na tsagewa. Sai da ƙanen matata da ke karatu a Faransa ya zo hutun damina ya kawo mini OPA2134 guda biyu daga dillalin da aka amince da shi. Na sa ɗaya, na auna, milibolt 3 a dama, 4 a hagu.

Maɓallin ƙara bai burge ni ba. In ka fara murɗa shi daga ƙasa, kunnen hagu ke riga na dama tashi, sai ka wuce kwata kafin su daidaita. Da ninki 11 kuwa, kafin ka kai kwatar ƙarar ta riga ta yi yawa. Na cire rezistans biyu masu kilo-om 10 da ke tsayar da ninkin, na sa masu 4.7, ninkin ya dawo 5.7. Yanzu wajen tsakiya nake tsayar da maɓallin, inda kunnuwan biyu ke tafiya tare, kuma ɗan huci da ke ƙarƙashin sauti ya ragu. Duk wanda zai haɗa irin wannan, ina ba shi shawara ya yi haka tun ranar farko. Igiyar pil ɗin ma siririya ce kamar gashi, sati biyu ta tsinke daga gindi, na maye ta da kan wani mataccen pil da na fasa na yi wa walda.

Akwatin kuwa, a Amurka gwangwanin alawar Altoids suke sa shi. Ni akwatin ƙarfe na ƴan lakwal na samu, wanda ake zuba kwamfa da ekeri a ciki, na ƴata da ta daina amfani da shi. Na huda ramuka da ƙusa na faɗaɗa da zarto, na shimfiɗa guntun robar tayar keke a ƙasa don kada walda ta taɓa ƙarfe, na haɗa jikin akwatin da ƙasan jak. Kafin haka, duk lokacin da kira zai shigo salula sai na ji dit-dit-dirrr ɗin nan cikin kunne. Da na rufe murfi, sai in salular na kwance a kansa ake jin ɗan alamarsa.

Pil shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa. Aisin na shan miliamfiya 8 ko ana kiɗa ko ba a yi, ga fitila, ga rezistans biyun da ke raba wuta. Pil mai araha na teburin bakin titi kwana kaɗan yake yi mini, alkalin kuwa yana kai ni sati biyu ina aiki awa biyu zuwa uku kullum da dare. Ganin haka na ce bari in jona shi a batirin sola mai bolt 12 na gidanmu, wanda rakodar kaset ɗin ma a jikinsa take. Ina haɗa igiyar sauti sai murya ta shaƙe, ta koma kwarkwar. Dalili shi ne CMoy ba shi da ƙasa ta gaskiya. Rezistans biyu masu kilo-om 4.7 ne ke raba wutar pil gida biyu, tsakiyarsu ita ake ɗauka a matsayin ƙasa. Ita kuwa rakoda ƙasarta ita ce bakin ragi na batiri, to igiyar sauti ta haɗe su, rabin wutar ampilin ya ɓace. Babu abin da ya ƙone, alhamdulillahi, amma da an sa layi biyu na gargaɗi cikin ledar da ban yi wannan kuskure ba. Na koma pil, kuma ina neman mai caji.

To yaya sautin? Da kas mai om 250, bambancin ba ya buƙatar gardama. Ba ƙara kawai ba, nauyi ne ya dawo. A wani kaset na gurmi da na saurara fiye da sau ashirin, sai yanzu na ji yatsan makaɗin na gogar tsirkiya kafin ya kaɗa, na kuma ji wani can baya yana gyaran murya. Wajen aikina wannan ya yi mini rana, don ina gane inda zare ya tauye tun kafin in juye, in tsaya in gyara. Ran nan na ɗora wa mahaifina kas ɗin, na sa masa tafsirin da ya naɗa da hannunsa. Ya yi shiru har zaren ya kai ƙarshe, hannunsa dafe da kunnen dama, sannan ya ɗaga gefe guda ya ce, "Juya mini bayan." Na ce, "To, Baba," na juya.

Amma kada kowa ya saya da zaton zai gyara masa ekuter na dala ɗari. Na gwada da na ƙanena, abin da ya ƙaru huci ne da ƙarar da ke cutar kunne, zaƙin sauti yana nan inda yake. Irin waɗannan ƙananan salula ta ishe su. Da su ne ma na ga raunin raba wutar nan: na buɗe ƙara na auna, gefe guda ya haura bolt 5, ɗayan ya faɗi ƙasa da 4. Akwai ƴar aisi mai ƙafa 3, TLE2426, da aka yi musamman don riƙe tsakiyar daram, ita nake so in sa a madadin rezistans biyun.

Maɓallin ƙara ya fara ƙarar yashi in na murɗa, tun ba a shiga hunturu ba, ga ƙurar Disamba na tafe, dole in canza shi da mai rufaffen jiki. Wani malamin lakwal a layinmu da ya saurari nawa ya ce in sa a kawo masa leda guda, shi ma yana da babban kas da ya ajiye don rashin ƙara. Na karɓi kuɗinsa, na gaya masa plaket da soket da rezistans muke saye, aisin da za ta zo a ciki ba za ta kusanci kas ɗinsa ba sai ta bi ta mitar Baba mai gyaran rediyo. In ta faɗi, ɗayar da ƙanen matata ya kawo tana nan naɗe cikin takardar azurfa, tasa ce.