Kafin ku saya wa Baba na'urar ciwo da ake ɗorawa a kai

Babanmu tsohon soja ne, ya yi ECOMOG a Laberiya, tun da ya yi ritaya ciwon baya da na ƙafa sun hana shi barci, tramadol kuma mun ga abin da ya yi wa samarin unguwarmu, shi ya sa na shiga neman hanyar da ake taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da ƙwaya ba.

Ni dai rTMS ne ya kwanta min. Ba fiɗa ba allura, wani faifan maganaɗisu ake ɗorawa a kai daidai sashen da ke sarrafa motsin jiki, yana ƙas-ƙas kamar minti 20 mutum na zaune idonsa biyu, ana gamawa ya tashi ya tafi gida. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi don ciwon damuwa a 2008, likitoci kuma suna gwada shi kan ciwon jijiya, amma sauƙin ba ya daɗewa sai an riƙa komawa. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne a asibiti ake yi, a hannun likita. Wanda ke da ɓarɓashin bam ko harsashi a kai ko wuya, ko farfaɗiya, ko na'urar bugun zuciya, don Allah ya faɗa tun farko, sojojinmu da yawa suna yawo da ƙarfe a jiki.

Akwai kuma wata hanyar da ake kira tDCS, ta fi arha, ɗan lantarki ne mara ƙarfi ake bi da shi ta fatar kai, miliyamfa 1 zuwa 2, amma hujjarsa kan ciwo ba ta yi ƙarfi ba. Alpha-Stim, wata ƙaramar na'urar lantarki ce, a kunne ake maƙalawa. Fiɗar ƙwaƙwalwa ko lissafinta ban yi ba.

Yanzu maganar 'yan damfara. Wallahi wani a WhatsApp ya karɓe mana kuɗin fanshon Baba na wata biyu, wai injin asibitin soja ne daga Amurka, da kaya ya iso ashe na'urar tausa ce ta batir, ko lambar NAFDAC babu, na kira layin a kashe. Wasu kuma TENS, ɗan injin lantarki na rage ciwo da ake manna wa jiki, suke sayarwa da sunan na ƙwaƙwalwa alhali fata da jijiya yake taɓawa, ba a ma ɗora shi a kai. Duk wanda ya ce injinsa na warkar da shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga da ciwon baya gaba ɗaya, ku rabu da shi. rTMS na gaske babban inji ne, ba ya zuwa a leda daga hannun ɗan okada.

Ku fara kai Baba asibitin soja na 44 ko asibitin Barau Dikko a Kaduna likita ya duba shi, ku tafi da tsoffin takardun hotonsa.