Wata uku ina biyan manhajar fim saboda sashen soyayya

Wata uku ke nan ina biyan kuɗin wata manhajar kallon fina-finai, kuma sashen soyayya ne ya ja ni. Bari in fara ba ta haƙƙinta. Hotonta tas, ina iya sauke fim a waya in kalla ko babu intanet, idan kuma barci ya sace ni a tsakiya, washegari daga daidai wurin take ɗorawa. Ta wannan fuskar ban yi asarar kuɗina ba.

Inda muka saɓa shi ne abin da take jero mini. Da na kalli fim ɗaya na masoyan da ƙaddara ta haɗa, sai ta cika mini fuskar waya da irinsa, kamar ba a taɓa yin wata soyayyar ba. Na kalli Serendipity na 2001. Budurwar ta rubuta lambarta a cikin littafi ta sayar, saurayin ya rubuta tasa a jikin takardar dala 5, wai idan rabo ya rantse za su sake haɗuwa. Shekaru suka wuce, an sa ranar aurensa da wata, amma yana ta bin shagunan tsofaffin littattafai. Abin da ya tsaya mini a rai, amaryar ce da hannunta ta ba shi littafin kyauta, don ta lura kullum yana nemansa. Ita ce ta san shi har haka, kuma ita fim ɗin ya ajiye a gefe. Na tsayar da kallon na daɗe ina tunaninta. A Sleepless in Seattle na 1993 ma haka ne: an rabu da mai kirkin da ke hannu saboda muryar da aka ji a rediyo, kuma ana haɗuwa a saman wani dogon bene na New York fim ya ƙare.

Ni na yarda matar mutum kabarinsa. Amma shekara 11 ina da aure, kuma ban taɓa ganin ƙaddara ta tashi cikin dare ta riƙe yaro mai zazzaɓi ba. Mijina ne ke tashi. Waɗannan fina-finan suna rufewa ne daidai inda aikin yake farawa.

Abin bai dame ni sosai ba sai ranar da ƙanwata, wadda muke kallon tare, ta ce ta sallami wanda ke nemanta. Na ce, "Me ya yi miki?" Ta ce, "Wallahi Yaya bai yi komai ba, kawai ban ji wannan abin ba ne." Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Raymond Knee, ya wallafa bincike a 1998 kan daidai wannan: masu ganin soyayya ko dai an dace tun farko ko ba a dace ba sun fi saurin janye jiki idan farkon bai yi daɗi ba, masu ganin ta abin da ake rainonsa kuwa sun fi tsayawa a gyara.

Da na daina bin jerin manhajar na shiga nema da kaina, sai na samu Before Sunrise na 1995 da biyun da suka biyo shi a 2004 da 2013. Ita ma haɗuwar ƙaddara ce, a jirgin ƙasa, amma na ukun ya nuna su da 'yan biyu, suna cacar baki a ɗakin otal kan aiki da raino. Shi ne kaɗai na kalla sau biyu.

Zan sabunta biyan wata mai zuwa. Na dai goge tarihin kallona don jerin ya canza, kuma na ce wa ƙanwata ranar Asabar za mu zauna mu kalli ukun a jere.