Kokon katako na hedifon: hannun Baba ya iya, katakonsa ne ɗanye

Hedifon ɗina Grado SR80 ne, na hannu na saye shi, kuma robar gefen hagu ta fashe bayan ya faɗo daga tebur. Sifikun lafiyarsu lau, sai na ce me zai hana in yi masa irin gatan da kamfanin ya yi wa manyan samfuransa, su RS1 na da, masu kokon mahogani. Ai madacinmu ma danginsa ne.

Rabuwa da tsohuwar robar ni na yi da kaina. Ka hura mata diraya ta gashi har gam ya yi laushi, sai ɓangaren ciki mai ɗauke da sifika ya zamo, ka dai kula da siririyar wayar. Ferewa kuwa sai mai inji, shi ne aka nuna mini wani dattijo a wajajen Kasuwar Katako ta Jos, mai fere ƙafafun kujera da na gado.

Gaskiya aikinsa ya ba ni mamaki. Bai taɓa ganin irin wannan abu ba, amma da ya juya robar a hannu ya auna bakinta, ya gane komai: ramin ciki, 'yan hujin nan biyu na gefe inda ƙarfen kai ke kamawa, da tsagar da waya ke bi. Da na karɓa, sifikun suka shige cif, ko gam ban sa ba. Ya goge da sanfefa har ya yi sumul, ya shafa mai, jan madacin ya fito. Na liƙa ragar ƙarfe a baya, tunda irin wannan hedifon a buɗe yake, idan ka toshe shi ka kashe sautin. A kunnena kaifin nan na sama ya ɗan lafa, ganga ta ƙara nauyi. Ba wani sauyi ba ne na a zo a gani, amma na ji daɗinsa. A lokacin da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi har da ƙari.

To amma kafin ya ɗora katakon a inji sai da na tambaye shi, na sake tambaya: "Baba, ya bushe kuwa?" Ya ce, "Haba ɗana, wannan ya shekara a ajiye." A ƙarshen damina ke nan.

Hunturu na sauka, kowa ya san yadda iskar Jos take a Disamba, leɓe ma tsagewa yake yi. Kokon dama ya fara matse sifika, da'irar ta koma kamar ƙwai. Dalili kuwa, ɗanyen katako idan yana bushewa ya fi ƙanƙancewa ta faɗi, tsawonsa kusan bai motsi, don haka zobe ba ya zama zobe. Wata safiya na ɗauko na tarar ya tsage tun daga hujin ƙarfen kai har baki. Yanzu duk waƙar da ganga ta yi ƙarfi sai gefen ya riƙa zizza. Abin da ya fi ƙona mini rai, na hagu ko gezau, ashe daga katakai daban-daban ya yanko su, guda busasshe guda ɗanye, kuma mutumin da ya tsufa a sana'ar nan ko a nauyi ya san bambancin.

Na koma masa da shi. Ya duba, ya ce, "Sanyi ne, ɗana, haka itace yake." Ko haƙuri bai ba ni ba. Wai zai cike tsagar da gam da garin katako, in ƙara masa wani abu. A kan abin da ke manne da kunnena, wanda na biya don kyansa!

Ban ce kada a je wurinsa ba, don ban ga mai fira da kyau kamarsa a garin nan ba. Amma ka tafi da naka katakon, guntun tsohuwar ƙofa ko ƙafar tsohon gado da ya ga hunturu da yawa, a yanko duka biyun daga jiki ɗaya, ka tsaya a gabanka a ɗora. Ni dai na samo guntun tsohon tebur na madaci, kuma kuɗin aikin wannan karon sai mun yi ta da shi.