Adashi ko rancen ƙaramin banki: da wanne za a buɗe shagon ɗinki?

'Yar uwa, tunda tsakanin adashi da rancen ƙaramin banki kike ta waswasi kan jarin shagon ɗinkin nan, ki shiga adashi. Sabuwar sana'a ba ta da ƙarfin biyan bashi a watanninta na farko, shi kuwa banki ba ya jiran ki samu masu kawo ɗinki.

A ce ku goma ne, kowacce tana zuba 10,000 a wata, mai kwasa ta tashi da 100,000. Idan kwasarki ta faɗo a wata na uku, kin zuba 30,000 kin karɓi 100,000. Ragowar 70,000 ɗin rance ne sauran suka ba ki, za ki mayar a cikin wata bakwai, babu ƙarin komai, babu jingina, babu takardar da za ki cike.

Ki dubi yadda telar da ta san abin da take yi ke tafiyar da shi. Tana shagon wata tana ɗinki ana biyan ta lada, daga ladan nan take zubi. Tun saura wata guda kwasarta ta zo ta riga ta zagaya ta ga keke, ta taya, ta san inda ciniki zai tsaya. Ranar da kuɗin ya shigo hannu ba ya kwana a ɗaki, don kuɗin da ya kwana sai an sami mai larurar da za ta roƙa. Keke, almakashi, dutsen guga, tebur, zare da allurai. Washegari ta shimfiɗa yadi ta yanka ta hau keke, rigar farko ta fito, kuma ba mai tsaya mata a ƙofa ƙarshen mako da littafin karɓar kuɗi. Ga wani abin daɗi: mata taran nan da suke zubi tare da ita duk sun san ta sayi keke, kuma suna son ta ci gaba da samun na zubi. Su ne masu kawo ɗinkinta na farko.

Amma adashin yana da sharuɗɗa, in aka tsallake su ya zama ciwon kai. Mafi girma shi ne zubin ya fito daga abin da kike samu yanzu, ba daga ribar da kike hange ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ganina kada zubin ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ke shigo miki a wata. In ya wuce, rashin lafiya guda ɗaya ta isa ta sa ki fashin zubi. Sai zancen layi. Mai kwasar farko rance ta samu, mai kwasar ƙarshe ajiya kawai ta yi, kuma idan kaya na tashi, kuɗin da zai sayi keke yau ba lallai ya saye shi bayan wata goma ba. Don haka ki faɗa wa uwar adashi tun farko cewa jari kike nema, ki roƙi kwasa ta biyu zuwa ta huɗu, ko ki yi musaya da wadda ba ta da gaggawa. Kada ki shiga mai mutum ashirin ana kwasa wata-wata, zagayen ya yi tsawo, mutane suna ƙaura, zukata suna canzawa.

Abin da ke kashe adashi kusan kullum ɗaya ne: wadda ta kwasa da wuri ta daina zubi. Maganinsa a rubuta sunaye da ranar zubi da jerin kwasa, kowa ta sa hannu. Sabuwar shiga da ba ta da mai tsaya mata ta koma ƙarshen layi. Duk mai kwasa da wuri ta kawo wanda zai tsaya mata. In uwar adashi tana da nata kaso, a faɗe shi tun ranar farko, kada sai ranar kwasa ki ga kuɗi bai cika ba.

Rancen banki kuwa, abin da za a yaba masa shi ne sauri, sai kuma ga wadda shagonta ya riga ya tsaya, aka ba ta aikin ɗinka kayan 'yan makaranta tana neman kuɗin yadi. Ga mai farawa, ki yi lissafi kafin ki sa hannu. In an ce ruwa kashi 5 cikin 100 a wata a kan 100,000 na wata shida, kuma ana lissafa shi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, za ki biya 130,000, wato kusan 21,700 duk wata. Tunda kina rage bashin amma ruwan bai ragu ba, ainihin abin da kike biya ya kai kashi 8 a wata. A ce kuma sun cire 3,000 na buɗe fayil, sun riƙe 10,000 ajiyar dole: 87,000 ne ya zo hannunki, amma ruwan na 100,000 ne. Wani irin wannan rancen ma biyan mako-mako ne, yana farawa kafin ki gama kafa keke. Da jarin ake biyan kason farko da na biyu, daga nan a shiga cin wani bashin don toshe wannan. Ban ma taɓo damuwar da mutane da yawa ke da ita kan kuɗin ruwa ta fuskar addini ba.

Kuɗin in ya zo, kada ki narkar da shi duka a kayan aiki. Kusan rabi ga keke da tarkacensa, kashi ɗaya bisa uku na juyawa, irin su zare, shafi, zif da maɓallai, ragowar ki ɓoye don gyara da watan da ɗinki ya yi ƙasa. Hayar shago ta jira. Ki fara a gida har ɗinki ya fi ƙarfin ɗakin.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayar da keke. Akwai masu fesa wa tsohon kan keke fenti su manna masa sabon tambari su ce sabo ne. Ki je da makanikin keke naki, ba wanda mai shagon ya kira ba. A buɗe ƙasa a duba ko ƙarafan sun cinye, a juya a saurari ƙara, ki ɗinka yadi mai santsi da mai kauri ninki huɗu, ki juya bayan ɗinkin ki ga ko zare yana tattaruwa ko yana tsallake. A ba ki rasit mai lambar keken, da sharaɗin mayarwa a rubuce. Haka nan duk wanda ya ce ki biya kuɗin rajista kafin a ba ki tallafin jari, ko adashin intanet da ba ki san fuskar kowa a ciki ba ana miki alkawarin ninki, ki toshe lambar. Manhajojin bashi masu neman izinin shiga lambobin wayarki ma haka, ranar da kika makara 'yan uwanki za su fara samun saƙo.

In kwasa ɗaya ba za ta isa ba, ki sayi keken hannu na biyu mai lafiya yanzu, sauran injina ki bari sai zagaye na gaba.