Haƙori cikin kofin madara: abin da na gani a wani asibitin haƙorin yara a Gombe

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin akwai abubuwan da zan kushe musu, kuma mutanen da suka yi mini rana ba su cancanci in tsire su a bainar jama'a ba. Ƙaramin wuri ne mai zaman kansa a cikin garin Gombe, ɗaki huɗu da baranda. Likitar mace ce, tana da ma'aikatan jinya biyu da wani saurayi da ke riƙe da rajista, shi ne kuma mai tayar da janareta.

Zuwanmu na farko saboda autata ne, wani turminta ya yi rami. An zana raƙuman dawa da balan-balan a bango, akwai talabijin mai nuna katun. Wannan bai burge ni ba, fenti ai kowa ma yana iya sayen sa. Da za mu tafi suka ba ni wani ɗan kati mai lambar waya, bayansa an rubuta abin da za a yi idan haƙorin yaro ya fita ta hanyar faɗuwa ko duka. Na cusa shi cikin jaka tare da rasit ɗin kemis, ban ko karanta ba.

Bayan wata takwas, wata Asabar a cikin Agusta, hadari ya haɗu bayan la'asar, aka tashi yaran Islamiyya da wuri. Yarona na biyu, mai shekara 9, ya taho a guje don ya riga ruwan isowa gida. Santsi ya kwashe shi a bakin kwalbatin layinmu, ya faɗi ta baki. Ya shigo jini ya ɓata gaban rigarsa, abokinsa na biye da shi riƙe da haƙori a tafin hannu, duk yashi.

Surukata tana zaune a tsakar gida. Ta ce, "Ke dai wanke masa baki da ruwan gishiri. Famfara ce ta zo da gaggawa. A jefa haƙorin saman kwano, kuma kada ya yarda ƙadangare ya ga giɓin." Na ce, "Hajiya, ai wannan ya yi famfararsa tun shekara biyu da suka wuce." Kallo ɗaya za ka yi masa ka gane ba na nono ba ne. Babban haƙorin gaba ne na sama, saiwarsa ta fi kansa tsawo, kuma irinsa idan ya tafi babu wani a ƙasa da zai maye gurbinsa.

Na zazzage jaka a kan tabarma har katin ya faɗo. Bugu biyu aka ɗauka. Abin da ya fara ba ni mamaki, ma'aikaciyar jinyar ba ta fara da maganar haƙori ba. Ta ce, "Maman yaro, ki nutsu ki amsa mini. Ya suma da ya faɗi? Ya yi amai? Yana gane ki, yana magana daidai?" Ta ce da ɗaya daga ciki ya faru, da babban asibiti za ta tura mu kai tsaye, don kai yana gaba da haƙori. Da na ce lafiyarsa ƙalau sai kuka, sai ta shiga ba ni umarni ɗaya bayan ɗaya. In riƙe haƙorin ta farin kansa, kada yatsana ya taɓa saiwar. Kada in goge shi, kada in sa masa sabulu, kada in naɗe shi a takarda ko ƙyalle. In ɗauraye yashin da madara, kuma idan ina da ƙarfin zuciya in mayar da shi cikin raminsa da kaina, yaron ya ciji hankici. Na dubi hannuna yana rawa, na ce ba zan iya ba. Ta ce to in tsoma shi a kofin madara mu taho yanzu. "Madara na ce fa, ba nono ba, ba kindirmo ba. Kuma ba ruwan famfo ba. In babu madara, ya tofa yawunsa a kofi ki sa a ciki."

Daga baya likita ta yi mini bayanin dalili. Jikin saiwar akwai wata 'yar siririyar tsoka mai rai da ke haɗa haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Idan ta bushe ta mutu, kuma haƙorin da ya yi awa guda a bushe da wuya ya kama yadda ake so. Ruwan famfo yana kumbura ƙwayoyin tsokar har su fashe, tsamin nono kuma yana lalata su. Haƙorin nono kuwa, waɗannan guda 20 na farko, ba a mayar da shi ko kaɗan, don zai iya ji wa babban da ke tahowa a ƙarƙashinsa rauni.

Abokin yarona ya ruga shagon bakin layi ya sayo madarar kwali. Kafin mu sami keke ruwa ya tsuge. Duk ɗan Gombe ya san yadda garin nan yake idan an yi ruwa mai ƙarfi: ruwa yana gangarowa daga tudu da gudu, kwari ya cika ya tumbatsa kan titi. Mai keken ya ce, "Hajiya, nan ba ta ɓullewa," ya zaga da mu ta wata hanya. Ni dai ina rungume da kofin silba, na rufe bakinsa da tafin hannu, madara na zuba a kan zanena. Mun yi kusan minti 35 a hanya.

Unguwar duk duhu, an ɗauke wuta tun safe, amma fitilun asibitin suna ci. Likitar ta riga mu isowa. Ashe muna ajiye waya ma'aikaciyar ta kira ta daga gida, ta zo da atamfarta ta ɗora farar riga a kai. Kafin ta taɓa bakin yaron sai da aka ɗora shi a ma'auni, domin allurar kashe zafi da nauyin yaro ake auna ta. Tambayoyi suka biyo baya: yana da sikila? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? Yaushe aka yi masa rigakafin tetanus na ƙarshe, tun da haƙorin ya taɓa ƙasa? Yana da asma? A nan gabana ya faɗi. Yana da ita, kuma na baro abin shaƙarsa a kan firij.

Kamar jira take a ambace ta. Ga sanyin ruwa, ga kuka, ga tsoron allura, sai na ji ƙirjinsa ya fara wannan fito da na sani, kafaɗunsa na ɗagawa. Na miƙe zan fara salati da ƙarfi. Likitar ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta tayar da kujerar ya zauna sosai, ta ce, "Sista, jar akwati." A bango kusa da ƙofa akwai wata jar akwatin roba a rataye, ba kwaɗo a jikinta. Ma'aikaciyar ta ciro shuɗin abin shaƙa na salbutamol ta jona shi da wata 'yar kwalbar roba mai marufin hanci da baki, wadda ke sa maganin ya isa huhun yaro sosai. Aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jininsa. Saurayin nan ya turo tukunyar oksijin ya tsaya da ita a gefe, ba a kai ga buɗe ta ba. Likitar tana ƙirga masa numfashi, "Ɗaya, biyu, yawwa jarumi, sake ja." Bayan kamar minti goma fiton ya lafa. Babu wanda ya tambayi wani ina aka ajiye kaza, babu wanda ya tafi neman makulli. Wannan minti goman ne ya sa nake wannan rubutu, ba ma haƙorin ba.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Ta yi masa allura a dasashi, ta wanke ramin da ruwan gishirin asibiti, ta ɗauraye haƙorin, ta tura shi a hankali da yatsa har ya daidaita da ɗan'uwansa. Aka ɗauki hoto da wata ƙaramar na'ura don a tabbatar ya zauna. Sannan ta ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya da wani farin danƙo da ake busarwa da shuɗiyar fitila mai batir. Na lura kayan aikin duk a cikin leda suke a liƙe, kowace da kwanan watan da aka dafa ta. Da sai a lokacin za a kunna tukunyar dafa kayan, da mun ƙara jira. Aka rubuta mana maganin kashe ƙwayoyin cuta da farasitamol da ruwan kurkure baki, aka ce wayar za ta yi mako biyu, abinci sai mai laushi. Kunu, fate, tuwo da miyar kuka. Babu rake, babu aya, babu ƙuli-ƙuli, babu ƙwallo a layi. Wannan na ƙarshen ya fi allurar yi masa ciwo.

Likitar ba ta yi mini alkawarin banza ba. Ta ce a shekarunsa ƙarshen saiwar bai gama rufewa ba, don haka akwai fatan jijiyar ta farfaɗo da kanta. Idan ba ta farfaɗo ba, za a yi aikin cire jijiya a cike ramin. Kuma ko bayan shekaru saiwar tana iya zaizayewa, shi ya sa za mu riƙa dawowa ana ɗaukar hoto.

Ranar cire wayar na tambaye ta yadda aka yi suka shirya haka. Ta yi dariya ta ce wuya ce ta koya musu. A 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, garin nan ya yi makonni cikin duhu, kuɗin mai ya kusa rufe musu asibiti. A lokacin suka sa sola da batura don fitilu da firij da ƙananan na'urori, janareta kuma sai idan za a kunna injin iska mai juya abin huda haƙori. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na wannan shekarar, da madatsar Alau ta ɓalle har ruwa ya shiga asibitin koyarwa na can ya lalata na'urori, ita ta sa suka kwashe fayilolin yara daga ƙasan kabad suka mayar sama, suka kuma ɗauki hotonsu suka adana a kwamfuta da intanet. Ta buɗe mini jar akwatin na gani da idona: allurar adirenalin don yaron da jikinsa ya ƙi magani farat ɗaya, sukari don wanda sukarinsa ya faɗi, maganin tsayar da jijjiga, jakar hura numfashi ƙarama da babba. A cikin murfin an manna takarda da ranar lalacewar kowane magani, da sa hannun mai dubawa duk farkon wata. Ta ce zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa magani, shi ya sa akwatin take bangon da rana ba ta duka. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar karayar muƙamuƙi, suna tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma na faɗa mata baki da baki. Na je banɗaki na ga ƙofar baya, wadda ita ce mafita ta biyu idan gobara ta tashi, an jibge kwalaye a gabanta. Bayan ƙofar kuma janareta ne da jarkokin fetur guda uku a jere. Akwai tukunyar kashe gobara, amma tana can gaba wajen rajista, nesa da inda wutar za ta fi tashi. Idan an kunna janaretan hayaƙinsa yana shigowa ta tagar ɗakin jira, wurin da yara masu asma irin nawa ke zama. Wanda ya iya tsara jar akwati haka bai kamata wannan ya wuce shi ba. Matakalar shiga guda uku ce, tayil mai santsi, babu abin dafawa, babu gangaren keken guragu. Da na zo da yaro da kofi a hannu cikin ruwa saura kaɗan in zama majiyyaciya ta biyu.

Lambar gaggawar ma a wayar mutum ɗaya take. Wata Juma'a da rana wayar bakin yaron ta ɗan kwance, na kira sau biyar ba a ɗauka ba, sai bayan awa guda aka biyo kiran. Ranar abin bai zama matsala ba. Da ranar kwalbati ce, da haƙorin yana saman kwano.

Kuɗi kam ba na talaka ba ne. Aikin daren nan da hotuna da magunguna sun ci kusan rabin albashina na koyarwa. Amma ba a tsayar da mu a rajista ana cewa sai an biya kafin a taɓa yaro ba. Da aka gama, na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki saboda ruwan ya ɗauke sabis, saurayin ya ce, "Hajiya, ku je gida, Litinin ma rana ce." A ranakun da ba na gaggawa ba kuwa ki zo da haƙurinki, an taɓa ba mu ƙarfe 10 ba mu ga likita ba sai kusan azahar.

Wata bakwai ke nan yanzu. Haƙorin yana nan daram, launinsa bai sauya ba, hoton ƙarshe ya nuna saiwar tana ci gaba da girma. Na kwafi bayan katin nan da babban rubutu na kai wa malamin Islamiyyarsu, na manna wani a ofishin makarantar da nake koyarwa. Surukata har yanzu tana cewa addu'arta ce ta kama haƙorin, ni kuma ban musa mata ba. Zuwanmu na makon jiya na leƙa ƙofar baya: an kwashe kwalayen, jarkokin fetur ɗin suna nan inda suke.